Ruwan da saniya ke sha lafiya yana iya hana iri tsirowa



Shekara biyu ke nan, cikin zafin watan biyar, na je wani gari gabas da Damagaram, kan hanyar Gure, don duba wata saniya da mabiyiya ta ƙi faɗo mata. Da muka gama ina wanke hannu, sai shugaban ƙungiyarsu, wani dattijo, ya ce mini: "Likita, kafin ka hau moto, zo ka ga wani marar lafiyar." Na zaci wata bisa ce. Ashe wurin renon itatuwansu ne, a bayan rijiya, an kewaye shi da ƙaya. Sun cika leda wajen ɗari biyar da ƙasa, sun shuka bagaruwa da aduwa da dirga, da niyyar su dasa su bakin burtali ranar 3 ga watan takwas, ranar bikin dashen itatuwa. Sati biyar suna ban ruwa safe da marece, mata da yara na karɓa-karɓa. Abin da ya fito bai taka kara ya karya ba, kuma ƴan waɗanda suka fito, bakin ganyensu ya ƙone kamar an gifta musu wuta.

Su dai sun riga sun yanke hukunci: irin ne ba shi da kyau, an sayar musu da tsohon iri. Har sun sa ranar kasuwar da za su je su sami mai irin.

Na durƙusa na ɗauki leda guda. A bakinta ta ciki akwai wani farin zobe kamar an barbaɗa gari. Na dangwala na kai baki. Na ce, "Baba, da wane ruwa kuke ba su?" Ya nuna rijiyar da ake shayar da garke. Na ce ina ganin daga nan matsalar take. Ya yi dariya ya ce, "Haba likita, ruwan da shanunmu ke sha tun zamanin iyayenmu, suna ƙiba suna haihuwa?"

Gaskiya ya faɗa, ruwan bai taɓa cutar shanunsu ba. Kuma shi ne ya hana irin fitowa. Yadda waɗannan abubuwa biyu suke zama gaskiya tare, shi nake son in yi muku bayani, don na sake tarar da irin wannan asara a wurare da dama, kuma kusan kullum mai sayar da iri ake ɗora wa laifi.

Wani zai ce mi ya haɗa ma'aikacin lafiyar bisashe da renon itace? Duk wanda ya yi kiwo nesa da gari ya san amsar. In ɗan maraƙi ya kama zawo cikin dare, kwalɓar bagaruwa ce ta fi kusa da hannu. Da ita ake wanke gyambo da ƙurajen baki. Man ƙwallon aduwa ana shafa shi ga ciwon fata, ganyenta kuma abinci ne ga raƙumi da akuya a tsakiyar rani. Sabara ga tari da zawo, filasko ga bushewar ciki, ganyen anza a cikin rumbu don ƙwari, jiga ga bisa da ma mutane lokacin da ba wani kore. Ba na cewa waɗannan za su tsaya a madadin allurar rigakafin ciwon huhu ko ta saifa. Wanda ya ƙi kawo garkensa wurin allura ya dogara da sassaƙe, shi zai yi kuka. Amma a wurin da kantin magani ke da nisan yini guda, waɗannan itatuwa su ne taimakon farko. A wurare da yawa tsofaffin suna mutuwa, ƙanana ba su tasowa a ƙarƙashinsu. Bakin akuya da gatari da fari duk suna da hannu a ciki. A wasu wuraren kuma, musamman kewayen rijiyoyi da tafkuna da kwarin fadamu, akwai hannun gishiri, wanda ba a cika lura da shi ba.

Yadda gishiri ke kama ƙwayar iri

Busasshiyar ƙwaya tana nan da rai, barci take yi. Abu na farko da ke tashe ta shi ne ruwa. Sai ta sha ta kumbura, abincin da ke ajiye cikinta ya narke, sannan ƴar saiwa ta fasa ɓawo ta fito. In ba ta sha ta ƙoshi ba, ba abin da zai motsa.

To ku tuna abin da ke faruwa in an barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ko ɗanyen nama, ko an zuba shi kan fatar da aka feɗe. Jim kaɗan sai ruwa ya fara tsatstsafowa. Haka in matsattsaku ya maƙale a bakin saniya aka sa masa gishiri ko kanwa, sai ya takure ya saki. Gishiri yana jan ruwa zuwa wajensa, kuma in ya riƙe ba ya saki da sauƙi. A cikin ƙasa mai zartsi, ƙwaya na ja, gishiri na ja. Ka taɓa ƙasar ka ji ta jiƙe sharkaf, amma ƙwayar da ke cikinta ƙishirwa take ji. Shi ya sa mutanen garin nan suka kasa gane abin: ledojin ba su taɓa bushewa ba, ta yaya za a ce iri bai sami ruwa ba?

In zartsin kaɗan ne, jinkiri kawai za a gani. Irin da ya saba fitowa cikin sati guda sai ya kai biyu ko uku, kuma ya fito ɗaiɗai, ba tare ba. In ya ƙaru, rabi ya fito rabi ya zauna. In ya yi yawa, shiru.

Wannan ita ce ɓarna ta farko, kuma tana da dama-dama, don sau da yawa ƙwayar da ta kasa shan ruwa ba ta mutu ba, jira take. Ka tono ta ka wanke ta da ruwan daɗi, tana iya tsirowa. Ta biyun ta fi muni. In ƙwaya ta samu ta ɗan sha, gishirin na bin ruwan ya shiga cikinta, ya zama guba ga ɗan tsiron. Ƴar saiwar takan fito gajera, bakinta ya yi ja ko baƙi, ta tsaya nan. Wanda ya kai ga fitar da ganye, gishirin na taruwa a gefen ganyen ya ƙone shi, abin da na gani a ledojin nan ke nan. Wannan ba ta gyaruwa.

Manoman hatsi sun san ɗan'uwan wannan abu. In aka cakuɗa iri da takin zamani da yawa a rami guda, ruwa kuma bai sauka sosai ba, sai a ce taki ya ƙone shuka. Takin zamani shi ma wani nau'in gishiri ne, hanyar ɓarnar ɗaya ce.

Uwa ta jure, ɗa bai jure ba

Dattijon nan ya kawo mini hujjar da na san ku ma za ku kawo. Ya nuna wata ƙatuwar aduwa da ke tsaye ƴan taku kaɗan daga rijiyar, kore shar, ya ce, "Wannan fa? Ba a ƙasar take ba?"

A ƙasar take, amma ba daga inda iri ke kwana take sha ba. Babbar itaciya saiwarta ta yi nisa ƙasa, tana da hanyoyin tace gishiri, tana iya tura shi cikin tsofaffin ganye ta zubar. Ƙwayar iri kuwa tana kwance a cikin ɗan yatsa biyu ko uku na saman ƙasa, kuma nan ne gishiri ya fi taruwa. Dalili shi ne ƙasa na aiki kamar lagwanin fitila. Rana ta busar da sama, ruwan ƙasa ya hauro ya maye gurbi, shi ma ya tafi sama ya bar gishirinsa. A ƙasarmu, abin da rana da iska ke iya kwashewa na ruwa a shekara ya wuce milimita 2000, alhali ruwan saman da muke samu daga Tawa zuwa Maraɗi bai cika wuce 300 zuwa 600 ba. Inda ruwan ƙasa ke kusa, kamar kwarurrukan Manga da dallolin Boso da Foga a jihar Doso, hauhawar ta fi saukar yawa, har mutane na kankare saman ƙasa suna dafa gishiri da kanwa suna sayarwa.

Ko itatuwan da aka sani da jure gishiri, irin su talakiya, wadda wasu ke kira asawaki, da goriba da dabino, irinsu ya fi son ruwan daɗi lokacin tsirowa. A daji abin da suke yi shi ne jira. Ƙwaya na nan kwance har shekarar da aka yi ruwa mai ƙarfi a jere, ya wanke saman ƙasa ya tura gishirin ƙasa. Cikin waɗannan ƴan makonni take tsirowa, ta yi sauri ta kai saiwarta nesa kafin gishirin ya sake haurowa. Aduwar da dattijon ya nuna mini, mai yiwuwa a irin wannan shekara ta fito, watakila ma tun kafin a gina rijiyar a fara zubar da ruwa kewayenta kullum.

Maganar ruwan sha kuwa, ma'aunin bisa daban, na shuka daban. Bisa tana da ƙoda, tana fitar da abin da ya yi yawa cikin fitsari, kuma jikinta ma yana neman gishiri. Ai saboda shi ake kora garke har Ingal da Tigidan Tesum a ƙarshen damana, ake sayen kantun Bilma da manda da kanwa. A jagorar hukumar FAO, ruwan da gishirinsa ya kai wajen giram 3 a lita ɗaya yana da kyau ga shanu da tumaki da awaki, har wajen giram 5 ma suna sha in sun saba, ko da yake waɗanda ba su saba ba sukan yi ɗan zawo da farko. Amma ga ban ruwan shuka, a wannan jagora, matsala na farawa tun daga wajen rabin giram a lita, in ya wuce giram 2 kuwa ana lissafa shi cikin mai tsanani. Tsakanin giram 2 da giram 5, saniya na sha tana lafiya, iri na shan wuya. Rijiyoyi da yawa masu ɗan zartsi a nan suke faɗawa.

Ku yi lissafin nan tare da ni. A ce ruwa na da giram 2 a lita, kuna zuba rubu'in lita a kowace leda kullum har kwana 90. Lita 22 da rabi ke nan, gishirinsa giram 45, wato wajen ƙaramin cokalin shayi takwas. In ledar ba ta da huda a gindi, ko ana yayyafa ruwan kaɗan-kaɗan ba ya kai ga fita ta ƙasa, duk wannan gishiri a cikin ledar zai zauna. Ba wanda zai yarda ya zuba cokali takwas na gishiri kan shukarsa da hannunsa, amma arozuwar na yi masa haka a hankali.

Kanwa ta fi gishiri ɓarna

A bakinmu duk zartsi ne, amma ga ƙasa da iri akwai bambanci. Gishirin miya yana hana shan ruwa, yana sa guba, amma in aka sami ruwan daɗi mai yawa yana wankuwa. Kanwa tana yin waɗannan biyun ta ƙara da nata. Tana da kaifi irin na ruwan toka, shi ya sa take nunar da wake da sauri. Abin da take yi wa wake a tukunya, shi take yi wa ɓawon iri da ƴar saiwa mai laushi. Irin da ya daɗe a ruwan kanwa bai cika farfaɗowa ba ko an wanke shi.

Sannan tana ɓata ƙasar kanta, in mai laka ce. Lakar sai ta saki, ta toshe ƴan ƙofofin da ruwa da iska ke bi. Da damana ruwa ya kwanta a sama ya ƙi shiga, ƙasar ta yi santsi kamar sabulu. Da rani ta daskare ta yi ɓawo mai tauri, wanda ko iri ya tsira a ƙarƙashinsa ba zai iya fasa shi ba. Wani lokaci ma ba fari za ku gani ba, baƙi-baƙi ne kamar an zubar da baƙin mai, don kanwa na narkar da ruɓaɓɓen ganye da taki ta hauro da su sama. Wannan baƙin yana ruɗin mutane, su ɗauka ƙasa ce mai ƙarfi. Mutanen garin nan daga gindin kwamin shayarwa suka ɗebi ƙasar ledojinsu, don sun ga ta yi baƙi, ga kashin shanu. Wurin da ruwan zartsi ya shekara da shekaru yana zuba yana bushewa, ga fitsarin garke, ga ragowar kanwar da ake jiƙa wa bisashe. Da wuya a sami ƙasar da ta fi ta gishiri a duk garin.

Ba kowane iri ke jira ba

Nan akwai wani abu da ya kamata masu reno su riƙe, don shi ke sa a kasa gane ko gishiri ne ko wani abu. Bagaruwa da gawo da kandili da kalgo da dirga irinsu na da ɓawo mai tauri, ruwa ba ya shiga. Ko a ruwan sama ka shuka su haka nan, kaɗan za su fito. Sai an raunana ɓawon: a tafasa ruwa, a sauke, a zuba kan irin a bar shi ya kwana, ko a ɗan goga gefensa a dutse, ko a tsinto wanda ya bi ta cikin akuya. Saboda haka in bagaruwa ta ƙi fitowa, a fara tambaya ko an yi mata wannan. A tono a duba: in ƙwayar na nan da taurinta da ƙanƙantarta kamar ranar da aka shuka ta, ɓawo ne. In ta kumbura ta tsaya, ko ta fasa ƴar saiwar ta yi baƙi, a tuhumi ruwa da ƙasa.

Sai dai wannan ɓawo shi ne garkuwarta. Muddin bai fashe ba, gishiri ba ya isa cikinta, tana iya shekaru a ƙasa. Ranar da muka zuba mata ruwan zafi, mun cire mata garkuwar, ba ta da sauran damar jira. Irin da aka jiƙa sannan aka sa shi a ƙasa mai zartsi ya fi wanda ba a taɓa ba saurin lalacewa. In kun san ruwanku ba shi da tabbas, kada ku jiƙa irin duka a rana ɗaya.

Anza kuwa akasin haka take. Irinta ba ya son bushewa, ba ya ajiyuwa, in ya daɗe sai ya mutu. Na talakiya ma ba ya daɗewa, kuma sai an wanke naman ɗan daga jikinsa, don naman na hana shi tsirowa. Irin waɗannan ba su da ƙarfin zama su jira shekara mai kyau. In zartsi ya jinkirta su sati biyu ko uku, an yi asararsu. A ganina, duk wanda ba shi da ruwan daɗi a hannu kada ya wahalar da kansa da renon anza; ya kare waɗanda suka fito da kansu a daji ya fi masa riba.

Gwajin da kowa zai iya yi

Akwai na'urar awo, ƴar ƙarama kamar alƙalami, wadda wasu ma'aikatan noma da na ruwa ke da ita, kuma cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tana awon ƙasa. In sun auna suka ce muku ƙasa ta wuce 4 a ma'auninsu, to ta shiga sahun ƙasa mai gishiri. Ruwan ban shuka kuma in ya wuce 3, ya yi yawa. In kun sami mai awo, ku kai masa ruwan a ƙarshen rani, lokacin da rijiya ta ja baya, don a nan zartsi ya fi ƙarfi.

Amma ba sai an jira na'ura ba. A ranar, na ce a kawo mini baƙin murfin tukunya, na zuba ruwan rijiyar na ajiye a rana. Kafin mu gama shan shayi ya bushe ya bar farin tabo. Wannan ya nuna akwai wani abu a ruwan, bai nuna ko ya isa hana iri ba. Don haka muka yi na biyu, wanda shi nake ba kowace ƙungiya shawara ta yi kafin ta cika leda ko guda.

A sami faranti biyu da tsumma mai tsabta. A ƙirga iri ashirin-ashirin daga buhu ɗaya, a yi musu jiƙo iri ɗaya. Faranti guda a riƙa jiƙa tsummansa da ruwan da aka tabbata mai daɗi ne, ɗayan da ruwan da ake zargi. A rufe, a ajiye a inuwa, kada a bari su bushe, a riƙa dubawa har kwana goma ko sati biyu. In dukansu sun ƙi, irin ne, ko jiƙon bai yi ba. In na ruwan daɗi ya fito ɗayan ya ƙi ko ya yi baya, an kama ɓarawo. A duba tsawon saiwa ma, don ita ke fara nunawa tun kafin yawan tsiro ya ragu. Haka za a gwada ƙasa: leda biyar da ƙasar da ake zargi, biyar da rairayin jigawa, ruwa ɗaya. Wanda ke son ya nuna wa jama'a abin da idonsu, ya ƙara faranti na uku, ya narka cokalin shayi biyu na gishiri a lita ɗaya ya jiƙa shi da shi.

Da na koma bayan kwana goma sha biyu, dattijon bai bari na sauka daga moto ba ya kawo mini farantan. Na ruwan da suka ɗebo daga fanfon wani gari ya cika da saiwa farare dogaye. Na rijiyar, ƴan kaɗan ne suka fasa, su ma guntaye. Ya ce, "To, mun kusa ɗaukar alhakin bawan Allah."

Abin da ya rage a hannunmu

Ba mu iya canja ruwan rijiya, amma iri ba ya buƙatar ruwan daɗi har abada. Makonnin farko ne masu wuya. In aka samu aka fitar da shi, ya yi ganye huɗu zuwa shida, ƙarfin jurewarsa na ƙaruwa, musamman aduwa da bagaruwa da magarya. Saboda haka ɗan ruwan daɗin da ake da shi, a kashe shi a farko: jiƙo da shi, ban ruwan sati uku ko huɗu na farko da shi. Yana iya zama bido biyu ko uku a rana da amalanke zai kawo, ko ruwan rufin tol da aka tara a tano. In an koma ga na rijiya, a gauraya su in da hali.

Yadda ake zubawa ma yana da muhimmanci ƙwarai, kuma a nan mutane suka fi kuskure don tsimi. Yayyafi kaɗan-kaɗan sau biyu a rana shi ne ke tara gishiri. Gara a zuba da yawa har ya ɗiga ta gindi, ya fita da na jiya. Kowace leda ta sami huda, kuma kada a jera su kan ƙasa mai farin ɓawo, don za ta tsotso daga ƙasa. A shimfiɗa tsakuwa ko kara. A yi rumfa, a rufe bakin ledar da ɗan ƙaiƙayi ko dusar gero don rana ta rage ja. Ƙasar cikawa a ɗebo ta daga jigawa, nesa da rijiya da makwantar garke, a haɗa da takin da ya ruɓe sosai ya sha damana. Ɗanyen taki da toka da takin zamani, a bar su sai shuka ta yi ƙarfi. Irin da aka tsinto cikin kashin awaki, a ɗauraye shi kafin a shuka.

Masu shuka kai tsaye a fili, cikin rabin wata ko tassa, kada ku yi gaggawar bin ruwan farko. Yayyafin farko narkar da ɓawon gishirin kawai yake yi, ya shigar da shi daidai inda iri yake. In aka sami kwana goma ba ruwa bayansa, irin ya sha ya fasa ya mutu. A bari a yi ruwa mai ƙarfi biyu ko uku. Kuma kada a shuka a kan ƙundun ƙasar da aka tara, don gishiri na gudu daga inda ruwa ke kwanciya ya taru a tudu mafi bushewa. A shuka a cikin kwarin, ɗan sama da inda ruwa ke daɗewa.

Ƙasar kanwa mai laka kuwa, ruwa kaɗai ba ya gyara ta. Akwai wani farin dutse mai laushi da ake haƙowa a jihar Tawa, wajen Malbaza da Keita, don aikin siminti, ma'aikata na ce masa jibs. In an daka shi an haɗa da ƙasar, tare da taki ruɓaɓɓe da ruwa mai yawa, yana buɗe ta. Amma aiki ne na ƙaramar garka, ba na makiyaya mai faɗi ba, kuma ba ya maganin gishirin miya. A irin wannan fili ni na fi ganin a reni itacen a wani wuri, a kawo shi da ƙasarsa a dasa a rami mai zurfi tsakiyar damana, a zaɓi masu jurewa. In kuma akwai kututturan sabara ko kalgo ko aduwa masu tofo, sassaben zamani ya fi komi sauƙi, wanda manoman jihar Maraɗi suka fara tun shekarun 1980: a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran, a kare su daga baki. Kututture ya riga ya wuce matakin tsiro, saiwarsa na can ƙasa.

Ƙungiyar nan ba ta sami dashe a waccan shekara ba, lokaci ya ƙure. Sun zazzage ledojin, sun wanke su, sun ajiye. Da shekara ta kewayo suka mayar da wurin renon gindin wani gawo a kan jigawa, kusa da hanyar da amalanke ke bi da ruwan fanfo, suka rage yawan ledar zuwa abin da ruwansu zai iya ɗauka. Sauran irin bara da suka so mayarwa kasuwa, shi suka shuka, kuma bagaruwar ta fito. Aduwar ce ta ba su ɗan jinkiri, don ba su cire naman jikin ƙwallon da kyau ba kafin jiƙo.